Nomau Maƙeri da Ciwon Kan Sarki Dargazau

A ƙasar Zangarma, birni mai ganuwa bakwai da ƙofa goma sha ɗaya, akwai wata unguwa da ake kira Maƙeran Fari, wadda tun ba a aza tubalin farko na ganuwar ba mutanenta ba su san wata sana'a ba sai ƙirar tagulla da jan ƙarfe. Maza su narka, su zuba, su buga a kan uwar maƙera har dunƙule ya baje ya zama tasa ko daro ko buta mai dogon wuya. Tsofaffi su zauna a inuwa da 'yan ƙusoshinsu suna fitar da zane siriri-siriri a jikin kaya. Mata su karɓa su goge da tsamiya da toka har mutum ya ƙirga haƙoransa a ciki. Ba a kai amarya ɗaki a Zangarma sai da tasoshinsu jere a bango, ba a yin alwala a babban masallaci sai da butocinsu, kuma kakakin Sarki kansa, zanƙalele mai kamu bakwai, daga hannunsu ya fito. Tun daga hantsi har la'asar sakaliya ƙarar masaɓa ba ta yankewa, har ta kai jariran unguwar, in aka yi shiru, sai su fashe da kuka.

A wannan unguwa aka haifi Nomau ɗan Cindo, ɗan Barau bahago, ɗan Jatau mai gemu biyu, tsatson Korau Babban Maƙeri, wanda aka ce shi ya fara koya wa tagulla ladabi a ƙasar. Nomau mutum ne gajere, kakkaura, mai faffaɗan ƙirji da damatsa murɗaɗɗu-murɗaɗɗu, ya ba hamsin baya, matarsa ta riga mu gidan gaskiya, yana zaune gida ɗaya da yayarsa Tabawa, uwar masu gugar tasa ta unguwar. Wajen sana'a ba a haɗa shi da kowa, don in ya ƙera buta, ruwa yakan fito daga bakinta a natse kamar mai jin kunya. Aibinsa ɗaya ne: shekara arba'in na bugu sun cinye masa kunne, in ka ce masa ina kwana sai ya ce maka kwanon sai jibi.

Ana nan, wata Talata da hantsi, Nomau ya ɗaga masaɓa ya sauke a kan tagulla, sai ya ga ta nutse kamar an buga ta a ƙullun waina. Ya ɗaga kai, ya ga maƙwabtansa duk sun yi cirko-cirko, kowa da masaɓarsa a lume. Kafin azahar labari ya cika birni: duk wata tagulla da jan ƙarfe da ke Zangarma ta saki jiki ta yi laushi laƙwas. Tasoshin amare suka zamo daga bango suka kwanta a ƙasa kamar jiƙaƙƙun faifai, butocin masallaci suka sunkuyar da wuya suna zubar da ruwa a kan ƙafafunsu, kakakin Sarki kuwa, da Sarkin Busa ya ɗauko shi, sai ya langaɓe masa a hannu kamar hanjin rago, ya hura ya hura, ba abin da ya fito sai wani ɗan huci mai ban kunya.

Kwana uku ana cikin wannan hali, sai ga wani zabo ya shigo fada, sanye da koriyar alkyabba da ɗan rawani, yana takawa ɗaiɗai kamar wanda ya gaji sarauta. Ya tsaya gaban Sarkin Zangarma, ya zaro takarda daga ƙarƙashin fiffikensa, ya karanta da murya siririya. Takardar daga Sarki Dargazau take, Sarkin aljanun ƙarƙashin ƙasa ta uku, gobara mai tafiya da ƙafa, guguwa mai kwana a zaune. A ciki aka bayyana cewa shekara ɗari uku ke nan Sarki yana fama da ciwon kai ba dare ba rana, kuma likitocinsa dubu, bayan doguwar shawara, sun tabbatar ƙarar masaɓun Maƙeran Fari ce ke ratsa ƙasa tana sauka a tsakiyar kansa. Saboda haka an ɗauke wa tagullar birnin taurinta. In akwai mai ja, ya zo ya kāre kansa cikin kwana arba'in, in ba haka ba hukuncin ya zauna har abada. Zabon ya ƙara da cewa a hanya akwai mai gadin ƙofa wanda muryarsa ke fasa dutse, a fada kuma akwai dokokin da ke mai da baƙo muciya.

Sarkin Zangarma ya sa aka tara maƙeran gaba ɗaya, ya nuna zabon da sandarsa, ya tambaya ko akwai wanda zai bi shi. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Nomau, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ga dai Sarki yana nuna zabo mai ƙiba yana duban jama'a, sai ya ɗauka kyauta ake yi da shi ana neman mai so, ya tuna rabonsu da miyar zabo tun sallar bara, ya ɗaga hannu har yana ɗage. Fada ta ɗauki kabbara. Sarki ya sa masa albarka, dattawa suka rungume shi suna hawaye, shi kuma yana mamakin yadda zabo ɗaya ya jawo wannan karamci, yana ta satar kallon cinyoyinsa. Zabon ya lura, ya gyara alkyabba ya rufe su.

Sai da suka koma gida Tabawa ta kafa masa mazurari a kunne, ta kwarara masa bayanin abin da ya ɗauko wa kansa. Nomau ya zauna daɓas a kan turmi, ya ce gobe da sassafe zai koma fada ya ce kuskure ne. Tabawa ba ta hana shi ba, sai dai ta ja hannunsa zuwa bakin zaure ta nuna masa unguwa. Ga tsofaffin masu zane zaune jere, yatsunsu na buga gwiwoyinsu su kaɗai don sabo. Ga gida biyu sun ɗaure kaya a kan jakuna za su koma ƙauye neman ƙwadago. Ga murahun narki sun huce har kaji sun fara saka ƙwai a ciki.

Ta sa baki a mazurarin ta ce, "Ƙanena, in ka fasa ba mai zaginka, ni ma ba zan zage ka ba. Amma ka duba da kyau, don abin da Baba ya bar mana ke nan yake watsewa."

Nomau ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Yaya, ki dama mini fura mai yawa, ki ɗauko mini masaɓar Baba da babban awartaki."

Washegari ya rataya jakarsa ya bi zabon, wanda har yanzu bai huce ba, ba ya ko waiwayensa. Suka keta dazuzzuka masu duhu-duhu da fadamu masu santsi-santsi, suka haye wani kogi da ke gudu sama yana hawa tudu, suka ratsa wani gari inda bishiyoyi ke tafiya kasuwa mutane na tsaye suna ba da inuwa, suka kwana ashirin da tara suna tafiya, har suka isa wani fili fetal inda sawun kowane mai rai ke ƙarewa. Nan zabon ya umarce shi da ishara ya juya baya ya yi taku bakwai da baya-baya. A taku na bakwai ƙasa ta buɗe kamar murfin tukunya, Nomau ya sulale, ya faɗo zaune a gaban wata ƙofa ta baƙin dutse wadda tsayinta ya fi na rimi goma.

Mai gadin ƙofar wani ƙaton aljani ne ana ce masa Rugugi, mai ido ɗaya a goshi ɗaya a haɓa, mai baki kamar bakin rijiya, wanda shekara dubu duk baƙon da ya zo tambaya ɗaya yake yi masa, baƙon ya faɗi sumamme jini na fita ta kunnuwansa. Rugugi ya ja numfashi har duwatsu suka gangaro wajensa, ya daka tsawa yana tambayar wane ne wannan, daga ina, kuma me ya kawo shi. Dutsen da ke gefe ya tsage gida biyu, zabon ya tusa kai a cikin alkyabba. Nomau kuwa sai ya ji magana ta shigo kunnensa tar-tar, kowane harafi a mazauninsa, abin da rabonsa da shi shekara ashirin. Hawaye suka zubo masa. Ya matsa ya kama babban yatsan ƙafar aljanin da hannu biyu, ya yi masa godiya, ya ce bai taɓa gamuwa da mai magana a natse da hankali irinsa ba, ya roƙe shi don Allah ya sake faɗin wani abu, ko mene ne.

Rugugi ya rasa inda zai sa kansa don kunya, domin tun da aka halicce shi ba wanda ya taɓa sauraronsa har ƙarshen jimla. Ya zauna ya ba Nomau labarin ƙuruciyarsa, da ciwon bayan da ke damunsa, da yadda 'yan uwansa ba sa gayyatarsa suna, Nomau yana gyaɗa kai yana ba shi haƙuri, har rana ta yi tsaka. Daga nan ya buɗe masa ƙofa da kansa, ya ce in ya dawo ya tsaya su ƙarasa hirar.

Da Nomau ya shiga birnin aljanu, abu biyu suka ba shi mamaki. Na farko, duk mutanen garin da ƙarfi suke magana, saboda haka ba abin da ke wuce shi. Na biyu, ko'ina ya duba sai ya ga aikin unguwarsu, tsofaffin kayan da suka ɓace a bakin rafi da bayan ɗaki tun zamanin kakanni, ana ta zargin ɓarayi da maƙwabta, ashe aljanu ne ke tsincewa. Sai dai ba wanda ya san amfaninsu. Manyan gari sun sa ludaya a ƙafa a matsayin takalma suna tafiya ƙwas-ƙwas suna tuntuɓe, 'yan mata sun rataya butoci a kunne, alƙalin kasuwa yana zaune cikin daro ana jan sa da igiya. Abinci kuwa a tafin hannu suke dafawa, tun da jikinsu wuta ne, a tafin hannu kuma suke sha, rabin miya na tsiyaya ta tsakanin yatsu, shi ya sa duk garin rigunansu dabbare-dabbare suke, kuma ba mai iya miƙa wa wani hannu a gaisa.

Zabon ya kai shi zauren Magajiya, yayar Sarki Dargazau, wata dattijuwar aljana doguwa, kamila, mai shekara ɗari tara da furfura ja. Ita ce ke shirya baƙi kafin su ga Sarki. Ta dube shi, ta dubi hannuwansa masu kanta da tabon wuta, ta sallami kowa, sa'an nan ta gaya masa dokokin fada. Kada ya juya wa Sarki baya. Kada ya fusata shi, don in ransa ya ɓaci kansa yakan yi ja kamar garwashi har labulaye su kama. Abu mafi girma, kada ya kira kambin sarauta da wani suna in ba kambi ba, don wanda ya yi haka take za a mai da shi muciya, kuma madafin fada cike yake da muciyoyin da dā jakadu ne. Nomau ya tambaya daga ina kambin ya fito. Magajiya ta ce ƙanenta ne ya tsinto shi a bakin wani rafi na 'yan Adam yana matashi, shekara ɗari uku da suka wuce, ya ga yana walƙiya, ya kifa a kai, bai sake cirewa ba. Ta ƙara da cewa a lokacin kansa ƙarami ne. Ta dube shi ido cikin ido.

Aka shigar da shi fada, wani makeken zaure mai ginshiƙai dubu na jan dutse, fadawa jere dama da hagu sahu-sahu, masu kai uku da masu wutsiya da masu ƙafa ɗaya. A can ƙurya, kan gadon hauren giwa, ga Sarki Dargazau zaune ya dafe goshi da hannu huɗu yana nishi. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗaga ido ya dubi kambin. Abin da ke kan Sarki tasa ce. Tasar miya ce ta tagulla, madaidaiciya, irin ta gidan mai iyali biyar, an kife ta, kan Sarki ya girma ya kumbura ya tattaro kewaye da bakinta kamar kabewar da ta girma cikin zobe. A gefenta kuma ga zanen sawun kurciya uku-uku, zanen da duk ɗan unguwarsu ya san na Korau ne, don shi ake fara koya wa mai koyon zane.

Waziri Tsululu, wani siririn aljani mai dogon hanci wanda ludayan ƙafarsa suka fi na kowa girma, ya miƙe ya karanto ƙara, ya lissafa dare dubu ɗari da Sarki bai runtsa ba, ya rufe da tambayar ko ɗan Adam yana da abin cewa kafin a tabbatar da hukunci.

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, gobara mai tafiya da ƙafa. Ni baƙo ne, kuma maƙeri, ban iya shari'a ba. Ina roƙon a yarda in matso in gai da kambi irin gaisuwar da muke yi wa manyan ƙarafa a garinmu."

Sarki ya yi masa izini da ɗan yatsa. Aka kafa tsani, Nomau ya hau kafaɗar Sarki, ya ƙwanƙwasa bakin tasar a hankali da masaɓar mahaifinsa, ya kasa kunne, ya shafa da yatsa. Tagullar ta yi sanyi ta taurare, shekaru sun ƙara mata gardama, in ba an gasa ta ta yi ja ba, ba masaɓar da za ta buɗa bakinta ba tare da ta fasa kan da ke ciki ba. Ya sunkuyo ya tambayi Waziri ko za a sami gawayi da zugazugi, Waziri ya ce ba su san waɗannan dabbobi ba. Nomau ya tsaya a kan kafaɗar Sarki yana tunani. Wuta ɗaya ce tak a wannan fada da za ta iya gasa tasar, kuma Magajiya ta gaya masa yadda ake hura ta. Ya tuna muciyoyin madafi. Ya tuna kuma tsofaffin unguwarsu masu buga gwiwa da yatsu. Ya yi bisimilla, ya zaro awartaki ya riƙe a hagu, ya sa bakinsa daidai kunnen Sarki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba masaɓunmu ke sa maka ciwon kai ba. Wannan abin da ke kanka tasar miya ce. Kakana Korau ya ƙera ta, kuma ina jin wanke-wanke ake yi da ita ka ɗauke."

Jin haka, zabon da ke bakin ƙofa ya kwanta ya yi kamar ya mutu. Idanun Sarki suka juye. Wuyansa ya yi ja, kunnuwansa suka fara hayaƙi, labulayen bayan gado suka kama ci bal-bal, fadawa suka dāre suna tuntuɓe da ludayansu. Nomau yana kallon tasar kawai. Ya ga ta tashi daga ruwan ɗorawa ta koma ruwan goro, amma ba ta kai yadda yake so ba, don haka ya ƙara da cewa ko a cikin tasoshin ma ba ta manyan baƙi ba ce, ta yau da kullum ce, irin wadda ake ba yara ƙanzo a ciki. Nan fa kan Sarki ya yi jawur kamar tsakiyar murhu. Nomau ya damƙi bakin tasar da awartaki, gemunsa na babbakewa, ya shiga zagaya ta da masaɓa, bugu ƙanana-ƙanana, masu sauri, masu tsari, irin waɗanda Cindo ya koya masa kamar yadda Barau ya koya wa Cindo, yana buɗa bakin kaɗan-kaɗan yana taka kafaɗa yana haye ƙeya yana sauka ɗaya kafaɗar. A zagaye na uku ya tokare ƙafa da kunnen Sarki ya fizga. Tasar ta fito da wata ƙara kamar an cire ƙafar giwa daga taɓo, Nomau ya wuntsila da ita ya faɗa cikin kwatarniyar wankan Sarki, ruwa ya yi cuu, tururi ya cika fada.

Da tururin ya washe, sai aka ga Sarki Dargazau zaune shiru, kansa da wani tsukakken wuya a tsakiya kamar goran fura, yana juya shi dama da hagu a hankali. Ya taɓa goshi. Ya taɓa ƙeya. Ya lumshe ido, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya wadda ta kashe wutar labulayen. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, irin ta aljanu, wadda ta girgiza ginshiƙi uku kacal, ciwon ya tafi.

Waziri Tsululu ya rarrafo ya yi barka, sa'an nan ya tunatar da cewa doka doka ce, ɗan Adam ya kira kambi da wani suna a gaban shaidu dubu, kuma ga shi ma madafi na bukatar sabuwar muciya mai kauri. Sarki ya dubi Nomau da ke tsaye jiƙe sharkaf, rabin gemu babu, ya dubi tasar, kunya da godiya suna kokawa a fuskarsa. Kafin ya buɗe baki Magajiya ta taso daga bayan fadawa, ta karɓi tasar daga hannun Nomau, ta ɗaga ta sama.

Ta ce, "Ƙanena Sarki, Allah ya ƙara maka lafiya. Doka ta ce wanda ya kira kambi tasa a hukunta shi. To, Waziri ya nuna mana kambin. Ni dai tasa nake gani a hannuna, tasa kuma nake gani a kanka shekara ɗari uku, ban sami mai awartaki ba ne kawai."

Waziri ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce lalle a halin yanzu ba a ga kambi a fada ba, kuma ba a hukunci a kan abin da babu. Nomau ya roƙi tsamiya da toka, ya zauna a tsakiyar fada ya goge tasar yadda ya ga yayarsa na yi, har zanen Korau ya fito sabo fil. Magajiya ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuɓewa a tafin hannunta, Nomau ya nuna mata ta zuba a ciki, ya ajiye gaban Sarki. Dargazau ya kai loma, ya tsaya yana kallon miyar, yana jiran ta gudu, ba ta gudu ba. Ya cinye, ya sa aka ƙara sau goma sha ɗaya, kuma a karon farko a tarihin sarautarsa ya tashi daga cin abinci rigarsa fes. Nan take ya yi umarni a mayar wa tagullar Zangarma taurinta, a mayar da muciyoyin madafi jakadu a sallame su da haƙuri, kuma Nomau ya zauna kwana bakwai ya koya wa aljanu abin da ake yi da kowane kaya. Ranar da aka cire ludaya daga ƙafa, dattawan gari da yawa sun yi kuka don daɗi, Waziri ne kaɗai ya ƙi, ya ce shi ya saba.

A kwana na takwas aka yi masa kyautar tagulla danƙare-danƙare nauyin raƙuma ɗari, aka ɗora wa wata guguwa mai ladabi, ya tsaya a ƙofa suka ƙarasa hira da Rugugi, sa'an nan guguwar ta ɗauke shi da kayansa ta dire a ƙofar Zangarma da hantsi.

Abin da ya tarar bai taɓa zato ba. Taurin ya dawo wa tagulla farat ɗaya, kowace a yadda take a wannan lokaci. Tasoshi sun daskare a naɗe kamar tabarmi, butoci sun sandare suna kallon ƙasa, wata tsohuwa da ta mai da faranti ɗankwali tana yawo da shi a kai ba ya fita. Mafi tsanani shi ne Sarkin Busa, wanda don baƙin ciki ya naɗe langaɓaɓɓen kakakin a jikinsa tun daga ƙugu har wuya, yana tsotson bakin kakakin yana kuka, taurin ya same shi a haka. Kwana takwas ke nan duk numfashin da ya fitar sai kakaki ya yi kirarin fitowar Sarki, kuma bisa al'adar birnin duk wanda ya ji dole ya zube ya yi gaisuwa. Mutanen Zangarma sun wuni sun kwana suna faɗuwa suna tashi, kasuwa ba ta ci ba, gwiwoyi sun kumbura, Sarki kansa ya gaji da leƙowa yana cewa ba shi ba ne.

Nomau bai ko shiga gida ba. Ya kira maƙeran unguwa, suka kwantar da Sarkin Busa a kan tabarma, suka warware shi gaɓa-gaɓa da awartaki da magagari, yana yi musu kirari ba da son ransa ba har aka zare bakin. Daga nan aka fitar da ƙwayayen kaji daga murahu, aka hura wuta, waɗanda suka tafi ƙauye suka juyo da jakunansu, domin gyaran abin da ya lanƙwashe a birnin kaɗai aikin shekara bakwai ne, ban da aljanun da suka fara zuwa ranar kasuwa cikin shigar Buzaye suna tambayar tasa mai faɗin baki.

Ranar Juma'a Sarkin Zangarma ya tara jama'a, ya naɗa wa Nomau rawanin Sarkin Maƙeran Fari, ya yi doguwar huɗuba a kan jaruntakarsa da darajar sana'ar kakanninsa, wadda aka ce ta sa har dogarai hawaye. Da aka watse, Tabawa ta kama hannun ƙanenta suka nufi gida, tana tafe tana duban guntun gemunsa tana girgiza kai. A zaure ta zaunar da shi, ta shafa masa man kaɗanya a ƙunar, ta kafa masa mazurari ta ce ya cire rawanin nan ya rataye kafin tartsatsi ya same shi, ga tasoshin amare arba'in suna jiransa, kuma ɗaya bikinta jibi. Sarkin Maƙera ya ce to, Yaya, ya naɗe hannun riga ya zauna gaban uwar maƙera.

Allah ya sa wa hannuwan masu sana'a albarka, ya ba mu shugabanni masu sauƙin kai, ya kuma haɗa su da masu gaya musu abin da ke kansu.